Sai Alhaji Ya Gama Gaisuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na jawo wa kaina a kakar bara, kuma ko na so in manta, akwai mutane a ƙananan hukumomi biyu da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna min kyauta.

A lokacin shekarata biyu da gama difloma a fannin kwamfuta. Ina zaune a Karaye, a wani ɗan shago da muke zama tare da abokina Sadisu mai gyaran waya. Shi yana buɗe cikin wayoyin mutane, ni ina cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa. Duk da haka sunana a gari Injiniya. (Ni na fara kiran kaina da shi, na rubuta da fenti a ƙofar shago, jama'a kuma suka ga ba su da asara in sun bi ni a haka.) Tafiyata kanta ta canza. Ko siyan ƙosai zan je sai na rataya jakar kwamfuta.

Akwai wata ƙungiya ta manoma da 'yan kasuwar gyaɗa da ta haɗa mutanen Karaye da na Rogo. Shugabanta shi ne Alhaji Ɗanlami, mutumin ƙauyen Turawa, aminin mahaifina marigayi, wanda tun ina yaro nake ce wa Baba. Ƙungiyar ta yanke shawarar a yi mata manhajar waya da za ta riƙa nuna farashin tiya da na buhu a kasuwannin yankin, don kada dillali ya tare manomi a hanya ya ce masa gyaɗa ta faɗi alhali tashi ta yi. Sakataren ƙungiyar, Malam Habu, mutumin Rogo ne, tsohon hedimasta, irin mutanen nan da in ka ba su takarda sai sun karanta har lambar shafi. Shi ya dage a kai aikin Kano a ba wa manyan kamfanoni. Baba Alhaji ya ce a'a, ga ɗanmu a gida.

"Alhaji, yaron nan fa fom yake cikewa," in ji Malam Habu, a gabana.

"Na sani. Ni na tsaya masa. In ya ba da kunya, ni na bayar."

Wannan maganar ita ce jarin da na shiga aikin da shi. Dattijo ya ɗauki mutuncinsa na shekara da shekaru ya ɗora a kan jakar kwamfutata. Na ji nauyin abin ƙwarai, har na tsawon kamar kwana biyu, daga nan na koma jin kaina.

Gaskiya manhajar ta yi. Wata uku na yi ina fama, kuma ba yabon kai ba, tana buɗewa, tana nuna farashi, har da hoton kwandon gyaɗa. Abin da ya rage shi ne a ɗora ta a kasuwar manhajoji, wato inda kowa ke shiga ya sauke abin da yake so a wayarsa. Kafin a ɗora kuwa sai an buɗe asusu na musamman na masu wallafa manhaja. Suna neman imel, da lambar waya, da hoton katin shaidar ɗan ƙasa, da kuɗin rajista. Kwamiti ya zauna ya ce a buɗe da katin shugaba da lambarsa, tunda shi ne uban tafiya. Abu ɗaya suka kasa yankewa: sunan da za a rubuta a matsayin masu manhajar. Mutanenmu suka ce "Karaye da Rogo", mutanen Malam Habu suka ce "Rogo da Karaye". Zama uku aka yi, aka sha lemo kiret biyu, aka tashi a kan cewa za a sanar da ni.

Na ce wannan ai aikin minti goma ne. Haka na faɗa wa Sadisu, har ina cewa ya ɗora mana shayi kafin ya tafasa na gama.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da ka sa lambar waya sai su turo wata lambar tabbatarwa ta saƙo, ƙwaya shida, su ce ka shigar da ita cikin minti biyar ko ta mutu. Wayar tana hannun Baba Alhaji, shi kuma yana gonarsa a Turawa ana cirar gyaɗa. A gonar sabis na kira da saƙo kawai yake yi, kwamfuta ba ta ganin komai, don haka ba halin in kwashi kaya in tafi wurinsa. Dole ni ina shago, shi yana gona, mu haɗu a waya. Na danna, aka ce an tura. Na kira shi.

"Salamu alaikum, Baba, barka da hantsi."

"Wa alaikumus salam. Injiniya ne? Barka kadai. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Dama wani..."

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya mahaifiyar taka? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi, Baba."

"Allah ya ƙara sauƙi. Tana dai shafa maganin nan da na aiko?"

Tana shafawa. Ya tambayi ƙanwata Rabi da karatunta. Ya tambayi ɗan'uwana Auwalu ko ya daina yawon ƙwallo. Ya tambayi shago, ya tambayi Sadisu, ya tambayi yadda muka ji da zafi. Ni kuma ba a daji aka haife ni ba, dole in mayar: ya kaka, ya Hajiya, ya gajiyar gona. Idona na kan agogon kwamfuta yana cinye mintunana ɗaya bayan ɗaya, bakina yana ta "lafiya lau, alhamdu lillahi". Da ƙyar na samu na ce an turo masa saƙo, ya karanto min lambar ciki.

"To, bari in kashe in duba." Ƙaramar waya ce mai madannai, kuma a saninsa ba a duba saƙo ana magana.

Ya kashe. Na jira. Ashe tabaransa yana aljihun babbar riga, babbar rigar tana rataye a bishiyar ɗorawa a ɗaya gefen gonar. Da ya kira ni, kun san da me ya fara?

"Salamu alaikum, Injiniya. Ya jiran?"

Lambar da ya karanto daidai take, sai dai ta riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa.

Na zauna na yi tunani irin na injiniyoyi. Na ce, to, a fara gaisawa, in an gama sannan in nemi lambar. Dabara ta yi kyau a takarda. Na kira, muka gaisa tsaf, Rabi da Auwalu duk suka samu rabonsu karo na biyu, sannan na danna. Sai saƙon ya ƙi zuwa. Ya tsaya wani wuri tsakanin ƙasar Turawa ta can da Turawa tamu, bai iso ba sai da Baba ya tayar da sallar azahar. Kafin ya idar, ya yi lazimi, ya shafa, ita ma ta bi 'yar uwarta.

Karo na uku ne ya ƙarasa ni. Komai ya tafi daidai. An gaisa, saƙo ya zo, tabarau na hanci, ya kira ni ya fara karantowa. "Bakwai. Huɗu. Sifili..." Sai na ji wata murya daga nesa tana sallama. Wani maƙwabcin gonarsa ne ya zo wucewa da jaki.

"Injiniya, riƙe, ga Malam Iro."

Na riƙe. Ina ji da kunnena suka gaisa, aka tambayi gida da iyali, aka tambayi wani mara lafiya a Kwanyawa, aka yi ta'aziyyar wani da ya rasu tun kafin azumi, aka yi masa addu'a, har ni na ce amin a shago. Da ya dawo kaina ya ce, "Ina muka tsaya? Bari mu faro daga farko." Kafin ya kai ƙwaya ta shida, allon kwamfuta ya yi ja, aka rubuta min cewa na yi yunƙuri da yawa, in dawo gobe.

Sadisu ya shanye shayinsa, ya shanye nawa, yana kwance a benci yana dariya har da buga ƙafa.

Zan faɗi gaskiya, raina ya ɓaci da dattijon nan, ɓaci na gaske. Na riƙa zagaya shago ina yi wa Sadisu lacca a kan dalilin da ya sa ba mu ci gaba ba. Na ce duniya tana gudu da daƙiƙa, mu muna tambayar lafiyar jaki. Na ce da za a tara lokacin da Bahaushe ke ɓatawa a gaisuwa da an gina gada. (Ni da nake wannan bayani, rabin yinina a majalisa yake ƙarewa ana musun ƙwallo.)

Washegari ban kira shi ba. Na sa lambata a madadin tasa, na ce na wucin gadi ne. Saƙo ya zo, na shigar cikin daƙiƙa goma, na ɗora hoton katinsa, komai ya wuce sumul. Sai na iso wani gurbi da ke neman suna. Kwamiti bai sanar da ni komai ba, gurbin kuma ya ƙi a bar shi fayau. A ƙasansa akwai wani ɗan rubutu na Turanci, haruffansa ƙanana ƙwarai. Ban karanta ba. Injiniya ba ya karanta ƙananan rubutu, wannan aikin masu koyo ne. Na ɗauka suna ne na cikin gida wanda ni kaɗai zan riƙa gani. Da sauran haushin jiya a wuyana, na rubuta: Sai Alhaji Ya Gama Gaisuwa. Na yi dariya ni kaɗai, na danna, na wuce.

Abin da ɗan rubutun ke cewa shi ne, wannan sunan ne duk duniya za ta gani a ƙarƙashin manhajarka.

Za ku ce ya aka yi ban lura ba har tsawon makonni. Ni a wayata kai tsaye na zuba manhajar daga kwamfuta, ban taɓa shiga kasuwar na kalli shafinta ba. Da aka ce sai wasu mutane sun gwada ta na mako biyu kafin a sake ta, 'yan majalisarmu na ba wa, Sadisu ne shugabansu. Duk sun gani. Babu wanda ya ce min uffan. Na dai lura sun riƙa gaishe ni da wani irin ladabi, har da "ya ƙafar Inna", suna haɗa ido. Na ɗauka girma ne ya fara zuwa.

Ranar ƙaddamarwa a Rogo aka yi, don a rarrashi mutanen Malam Habu. An ari babban ɗakin taro na wata makaranta, an jera kujerun roba, an toshe tagogi da tabarmi saboda hasken majigi ya fito. Manoma sun zo daga ƙauyuka, wasu a babur, wasu a a-kori-kura. Dattawa a gaba, Baba Alhaji a tsakiya da farar babbar riga. 'Yan majalisarmu, waɗanda ko ɗaurin aure sai an ja su, ranar mota guda suka yi tun da safe suka kama layin baya. Wannan ma bai sa na farga ba.

Na sa sabuwar shadda. Liman ya buɗe da addu'a, aka ba ni lasifika, na yi jawabi. Na ce zamani ya canza. Na ce daga yau manomin Rogo da na Karaye zai san farashi cikin ƙiftawar ido, ba tare da ɓata lokaci ba. Kalmar "ɓata lokaci" sau uku na faɗe ta. Sannan na haɗa waya da majigi, na shiga kasuwar manhajoji, na rubuta Farashin Gyaɗa, na juyo ina fuskantar jama'a don in ga yadda mamaki zai kama su. Bango yana bayana.

Mai gabatarwa ya ce sakatare ya taso ya karanta wa waɗanda ba su iya boko ba. Malam Habu ya taso, ya gyara tabarau, ya karɓi lasifika, ya matsa jikin bango.

"Bismillahi. A sama an rubuta, Farashin Gyaɗa." Aka yi tafi. "Ga hoton kwando." Aka ƙara tafi. "A ƙasa kuma, inda ake sa sunan masu abu..." Ya tsaya. Mutanen Karaye suka miƙe wuya, mutanen Rogo suka miƙe wuya, kowa na jiran ya ji garin da aka fara ambata. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Sannan ya karanta da irin muryar da yake kiran sunayen ɗalibai, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Sai. Alhaji. Ya. Gama. Gaisuwa."

Na juya. Ga shi nan a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu.

A ƙungiyar akwai alhazai sun fi ashirin, amma babu wanda ya tsaya tambayar wane Alhaji ake nufi. Duk kawuna suka juya wuri guda. Daga layin baya na ji wani ya shaƙe dariya ta fito masa ta hanci, kuma ko a kabari zan gane hancin Sadisu. Gumi ya jiƙa min sabuwar shadda. Na nemi ƙasa ta tsage, amma simintin makarantar gwamnati ne, ya riga ya tsage ko'ina ban da inda nake tsaye.

Malam Habu ya kalli Baba Alhaji, kallon da ke cewa ai na faɗa maka. Wannan kallon ya fi komai yi min ciwo, domin ba ni aka kalla ba. Mutumin da ya ce in na ba da kunya shi ya bayar, ga shi na ba shi ita a bango, a garin mutane, da majigi.

Baba Alhaji ya miƙe a hankali. Ya miƙa hannu aka ba shi lasifika. Na tsuguna tun kafin a ce min.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Barka da rana. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya hanya? Ya gida? Ya mahaifiyar taka, ya ƙafar tata?"

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a lasifika, bai tsallake ko guda ba. Rabi da karatunta. Auwalu da ƙwallonsa. Shago. Zafi. Ina tsugune ina amsawa, muryata kamar ta ɗan akuya, ɗakin kuma kowa ya danne dariya har kujeru na motsi. Da ya kai ƙarshe ya gyara hularsa.

"To, Injiniya, na gama. Sai ka ci gaba."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Liman kansa sai da ya rufe fuska da rawani. Ban san yadda na ƙarasa bayanin ba, na dai san ban ƙara cewa "ɓata lokaci" ba.

Kafin in iso Karaye labari ya riga ni. Inna ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai kada in ci tuwonta sai na je Turawa. Washegari da hantsi na sami Baba Alhaji a ƙofar gida ana shanya gyaɗa. Na tsuguna na fara kame-kamen ban haƙuri, ya ɗaga min hannu, sai da muka gaisa. Sannan ya ce in zauna.

"Ka san ganina na ƙarshe da mahaifinka?" Na ce a'a. "A kasuwar Karaye. Mota ta cika da kayana, direba na ta hon. Na hango shi ya taho da fara'a zai gaishe ni, na ɗaga masa hannu daga nesa na ce sai na dawo. Kwana huɗu na yi a tafiyar. Da na dawo, zaman makokinsa na tarar." Ya ɗebi gyaɗa ya murza a tafinsa ya hure ɓawon. "Tun ranar ban ƙara yanke gaisuwa don sauri ba. Ku kuma da ya bari, in ban tambaye ku ɗaya bayan ɗaya ba, wa zai tambaya?"

Kunyar Rogo ta jama'a ce, ana dariya ta wuce. Wannan ta biyun tawa ce ni kaɗai, kuma har yau tana nan.

Na yi alkawarin zan goge sunan a ranar. Ya ce ba nawa ba ne balle in goge, na ƙungiya ne, sai kwamiti ya zauna. Kwamiti ya zauna. Aka koma kan Karaye da Rogo, Rogo da Karaye, aka sha wani lemon. Daga ƙarshe Malam Habu da kansa ya kawo shawarar a bar shi yadda yake, tunda a tarihin ƙungiyar shi ne suna na farko da ɓangarorin biyu suka ji suka yi dariya tare. Aka amince babu hamayya. Ya rubuta a littafin taro, ya karanta wa kowa, har da lambar shafi.

Manhajar tana aiki, manoma na dubawa, wasu ma don su ga sunan suke saukewa. Ni kuwa Injiniya ya bi ruwa. Daga Daura tamu ta Karaye har cikin Rogo, Sai-An-Gama ake kirana, har yara.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: ka karanta ƙaramin rubutu, kuma in haushi ya cika ka, ka faɗa wa Sadisu, kada ka faɗa wa kwamfuta, don shi dariya kawai zai yi, ita kuwa sai ta kai ka bango. An ce baki shi ke yanka wuya, ni yatsa ne ya yanka nawa. Watan jiya aka ce a mayar da lambar asusun ta koma ta Baba Alhaji kamar yadda kwamiti ya so tun farko. Na hau babur na je Turawa na ɗauko shi, na kawo shi shago, na shimfiɗa masa darduma. Muka gaisa minti goma sha biyu, ni na ma tuna masa ya manta Auwalu. Sannan na danna, saƙo ya zo, ya sa tabarau ya karanto. Da sauran minti huɗu muka gama.